Sifirin Bawul a Tafin Baffa

Jiya a tashar Yendi na ji wata lori tana tari, sai Baffa ya faɗo mini a rai.

Ƙanen mahaifina ne, makaniki a Salaga. Bayan babban yaƙi, motata ta goro ta gaji. Ya kwance injin a gindin mangwaro, ya sa mata kamshaf ɗin motar soja, wato sandar da ke tura bawul, 'yan ƙofofin numfashin injin. Ina gaggawar kai goro Bawku saboda damina, na ce ya mayar da tsofaffin sifirin, murɗaɗɗun ƙarafan da ke dawo da bawul.

Ya ce, "A'a, ɗana. Wannan kamshaf ɗin da ƙarfi yake tura bawul. In sifirin bai dawo da shi da wuri ba, fistan da ke hawa da sauka a cikin injin zai buge shi, kai da goronka ku kwana a daji."

Ya kwaso wasu sifirin ya baza su a tabarma yana matsa kowanne tsakanin tafukansa, ido a rufe, hannuwansa na warin kananzir. Mai laushi ya ture, mai tsananin tauri ma ya ƙi, wai zai cinye kamshaf.

Lafiya lau na isa Bawku. Na dawo da zumuɗin ba shi labari, na tarar an kai shi makwanci. Har yau labarin yana bakina.

Allah ya sanyaya kabarinka, Baffa, ya sada mu a Aljanna.