Wanda Zai Ɗaga Ɗan Iya

Soja ba su daɗe da komawa bariki ba na kama ɗaki a wani gidan haya a unguwar Nasarawa, ina ɗinki a bakin ƙofa. Ɗakin da ke kallon nawa na wata tsohuwa ne mai tuyar waina, kowa Iya yake ce mata. Ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa, amma ba ta fashin kasko.

A daminar da ta biyo baya aka kawo mata ɗanta kwance a bayan motar itace. Direban tirela ne, ƙato a da, wanda in ya zo gaishe ta sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗaki. Matarsa ta riga ta rasu, ta bar masa 'yar yaye. A asibiti aka gaya wa Iya sunan ciwon, ita kuwa da ba ta iya ɓoye-ɓoye ba ta dawo ta faɗa a tsakar gida: ƙanjamau ne. Kafin sati ya zagayo, layin masu sayen waina ya watse. Matar da ta saba aiko da kwano kullum ta koma cewa maiƙo ya fara damun ta.

Abinci bai gagara ba. Ni da wata maƙwabciyarmu 'yar Binuwai, mai sayar da doya, mukan zuba da su in mun dafa. Abin da ya gagara shi ne ɗaga shi. Duk ramar da ya yi, ƙashin namiji ne, ga gudawa ba ta tsayawa. Iya takan sa kafaɗa a hammatarsa ta yunƙura, su zube tare. Ni kuma ba muharramarsa ba ce, ko na shiga sai ya ja zane ya juya fuska bango. 'Yan'uwansu maza duk sun ƙaura hayin gada tun bayan rikicin addini da aka yi a garin, sai dai saƙon gaisuwa.

Na je wurin shugaban kwamitin unguwa, wani Alhaji mai shagon kayan gini. Na ce masa ba kuɗi muke nema ba, maza biyu ko uku muke so su riƙa karɓa-karɓa suna yi wa maras lafiya wanka.

Ya ce, "Wannan aikin lada ne, Hajiya. Za mu zauna a kai."

Suka zauna. Sun ma zauna har sau nawa, don ina hango su a kan benci bayan la'asar. Abin da ya fito daga zaman shi ne a kira kansila, tunda yanzu mulkin farar hula ne, akwai wakilinmu. Kansila ya zo da babbar riga, ya tsaya daga zaure, ya ce gwamnati na sane. Bai ɗaga labulen ɗakin ba.

Bayan nan wata ƙungiya ta aiko mota aka ɗauki Iya zuwa taro a otal, wai na tsofaffi masu jinya. Na bar ɗinkina na zauna da jikar. Da yamma ta dawo da riga mai rubutu da shinkafa a roba. Na ce, "Iya, me aka ce?"

Ta ce, "Turanci aka yi, 'yar nan. An ɗauke mu hoto, an tafa mana. Na tambayi wata mai gilashi ko suna da wanda zai ɗaga mini yaro, ta ce wannan sai zagaye na gaba."

Rigar ta yanka ta yi tsumma da ita, ta ce aƙalla tana shan ruwa.

'Yar Binuwai ce ta kawo mana wani dattijo da ake ce wa Baba. A cocinsu ta san shi, mutumin Filato ne da ya yi ritaya daga wani kamfani a Kudenda, yana zaune a unguwar Television. Ya yi jinyar 'yarsa da wannan ciwon har ya binne ta. Ya iso da safe a kan tsohon keke, da safar hannu ta roba a aljihu. Ya gaida Iya da Hausarsa ta mutanen dutse, ya ce, "Mama, kawo ruwan ɗumi, ki fita ki huta." Muna tsakar gida muka ji yana cewa, "Riƙe wuyana, direba. Kada ka ji kunya, ni ma an yi mini wanka da ina ƙarami." Ranar ce na fara jin dariyar ɗan Iya tun zuwansa.

Baba ya riƙa zuwa kusan kullum. Shi ya nuna wa Iya yadda za ta riƙa juya shi don kada baya ya yi gyambo, ya kuma ce mata cin abinci a kwano ɗaya ba ya sa wa mutum ciwon. Shi kansa ba lafiyayye ba ne. In ya fito daga ɗakin sai ya dafa bango yana haki, kafin ya iya hawa keke.

Sai magana ta tashi a unguwa. Alhajin nan ya tare ni a hanyar famfo ya ce mutane na ƙorafi, wai bai dace wanda ba Musulmi ba ya riƙa ganin tsiraicin Musulmi. Raina ya ɓaci. Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Gobe da hantsi ruwa zai yi zafi, sabulu na nan. Wa za ka turo?" Ya ce ba haka yake nufi ba, kuma bai kamata mace ta riƙa ɗaga murya a titi ba. Washegari ba wanda ya zo sai Baba.

Limamin masallacinmu, wani malami mai sanyin hali, ya yi huɗuba a kan haƙƙin maras lafiya. Ya kuma zo da kansa ya zauna a bakin katifa ya yi addu'a, ya riƙe hannun yaron. Na ji daɗin wannan, amma shi ma tsoho ne tukuf, ba zai iya ɗaga ko tulu ba. Waɗanda suka ji huɗubar suka ce Malam ya yi magana mai kyau, suka koma shagunansu.

A lokacin, maganin ciwon sai mai hali, kuma sai an yi doguwar jira. Ɗan Iya bai kai ba. Ya rasu wata Laraba da rana, Baba na gyara masa matashi. Kafin la'asar gidan ya cika maƙil da maza, har ana rige-rigen kama makara. Baba ya koma can gefe kusa da kekensa ya cire hula. Iya ta leƙo ta taga ta dube su, ta ce mini a hankali, "Ashe unguwar nan akwai majiya ƙarfi."

Daga baya aka gwada jikar, aka same ta da ciwon. Ita ta yi sa'a, don zuwa lokacin an fara ba da magani kyauta, sai dai a tsallaka gada a bi layi tun safe. Gwiwar Iya ba ta hawa bas, saboda haka ni da 'yar Binuwai muka riƙa kai ta, wannan wata ni, wata mai zuwa ita. Na sake zuwa wurin kwamiti na roƙi ko mai babur ɗaya a cikinsu ya riƙa sauke mu a bakin titi. Suka ce in bari a gama zaɓe tukuna.