Masu takalmin taya a gonar dawata

Surukata Rifkatu ce ke rubuta min wannan a wayarta, ni ban yi boko ba.

Ciyawa na cin gonar dawata a hanyar Dabai, jikana Ishaya kuma yana filin siminti bayan coci, wai an buɗe musu horo na hutu. Na je na tarar da ƙatti sun ɗaura takalmi mai taya, suna korar 'yar ƙwallo da sanda mai lanƙwasa. Hoki ake ce wa abin.

Na ce wa kocinsu, "Ɗana, me kuke yi haka?"

Ya ce, "Kaka, ƙarfin jiki muke gina musu."

Na ce, "Kakan Ishayan nan shekaru ya yi yana noman golmo a gonar ubana kafin a ba shi ni. Ba taya, ba hular kwano. In ƙarfi kuke nema, ga fartanya."

Ya yi dariya, ya ce ran Asabar zai kawo su.

Sun zo kuwa. Ƙarfi kam akwai, ban musa ba. Kafin in dawo da abincinsu sun nome rabin gonar tas, har da dawar. Gwanayen namu ba su iya raba ƙaramar dawa da ciyawa ba.

Koci, na san za ka gani. Ina bin ka dashe, kai da yaranka, kafin ruwa ya ɗauke. Ishaya, kai za ka roƙo dawar dashen wajen kawunka.

Ku kuma masu dariya, ku faɗa min, da wace miya ake cin takalmin taya?