Ƙyastun kufai

A ƙauyenmu, arewa da Affala, ba a fara gatana sai an kwashe tuwo. Kakata takan zauna bakin murhu tana tura kara cikin wuta. Sauran yara su kewaye ta, ni kuwa in raɓe bayan rumbu.

"Maigidana, matso," takan ce. "Miji na gudun matatai?"

Akwai labari guda da ba ta raha in tana ba da shi. A wani gari, kowace safiya mata kan shiga gidajen juna da kasko su ɗebo garwashi. Wurin ɗibar wutar nan ake jin wa ya haihu, wa ya kwana da ciwo. Sai wata mata ta gaji ƙyastu, ƙarfen da ake bugawa a dutse wuta ta tashi. Daga ranar ba ta sake roƙon kowa ba. Shekarar da rijiya ta ƙafe, gari ya yi shawarar tashi, maganar ta bi kasko gida-gida.

"Ita ba a hwaɗa mata ba?" muka tambaya.

"Wa za shi hwaɗa mata? Ba mugunta munka ce ba, mantuwa ta. Ta hito da sahe, ba kowa, sai kaji."

Bana, ina karatu a Tawa, wani ɗan kawuna da ya dawo daga haƙar zinariya ya ja ni wani kufai kusa da Barmou, da na'urarsa mai kuka in ta ji ƙarfe. Yini guda muka tono ƙusoshi da wani ƙarfe mai lanƙwasa, tsatsa ta ci shi.

"Mariƙin akwati na," ya ce, ya yar.

Na ɗauka, na goge. Gefe guda ya siɗe saboda bugu. Na gane shi, ƙyastu ne, amma kakata da zan nuna wa ta rasu, kuma ban je jana'izar ba. Wayata tana kashe, ina karatun jarrabawa, sai bayan an rufe ta na ji.

A gidan hayarmu ina da gas, da fitila, da littattafai. Ban taɓa aron komai ba. Da yammar nan na daɗe tsaye ƙofar maƙwabcina, wani malamin makaranta, kafin in yi sallama.

"Ko kana da ashana?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ashe kana magana? Shigo, shayi na bisa wuta."