Akushin Metir Salifu ya dawo Sokode

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Salifu makwancinsa a nan Sokode. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan rubuta 'yan kalmomi a kansa a wannan shafi, in yi masa addu'a, in tuna barkwancinsa, mu yi dariya mu wuce. Bana ba dariya a bakina. Abin da idona ya gani cikin makonnin nan ya kaɗa ni, kuma har yanzu ban dawo daidai ba.

Ga wanda bai san shi ba, Salifu malamin motsa jiki ne a kwalejin garinmu, shi ya sa yaro da babba ke kiransa Metir Salifu, wato malam da Faransanci. Mu 'ya'yan mahauta ne na zango, jikokin fatake. Shi da wasu malamai suka kafa gasar ƙwallon ƙafa tsakanin kwalejojin arewa, mu da Kara da Mango da Dapaong. Amma wasan da gari ke jira duk shekara shi ne namu da Dapaong, bana a gidanmu, baɗi a gidansu. Ranar wasan ko mahauta da wuri suke tashi daga kasuwa.

Doka ɗaya ya kafa, kuma a kanta ya yi faɗa da shugabannin makaranta ba sau ɗaya ba. Ɗan wasan da ya zo baƙunci ba ya kwana a aji, ba ya kwana a otal. Gidan wanda ke sanye da lamba irin tasa zai sauka, su ci abinci a kwano ɗaya, su kwana ɗaki ɗaya, washegari su kara a fili. Ya ce haka kakanninmu fatake suka yi, kowane baƙo da mai masaukinsa, kuma wanda ka tsoma hannu da shi a tuwo ba za ka karya masa ƙafa ba. Kofin wasanmu da Dapaong ma ba na kanti ba ne. Tsohon akushin Innarmu ya ɗauko, baƙi wuluk, ya ce wanda ya ci wasa ya tafi da shi, ya dawo da shi baɗi kyaftin biyu su ci tuwo a ciki kafin a sake karawa.

Ni mai tsaron gida ne a lokacin, don haka rabona ya faɗa kan mai tsaron gidan Dapaong, wani dogon yaro ɗan ƙabilar Moba mai suna Lare. Ban so ba. Kirista ne, Hausarsa ta kasuwa ce, ga minshari. Ya share tuwon Inna tas, washegari ya hana mu cin ko ɗaya, ni kuwa aka yi ta zura mini. Inna ta ce laifinta ne da ta ƙara masa miya. Da shekara ta zagayo na je gidansu, na tarar uwarsa ta sayi sabuwar tukunya don kada ta dafa mini a wadda ta saba, kuma ta kira wani maƙwabci Musulmi ya yanka zabon da za a ba ni. Ba wanda ya gaya mata ta yi haka. Daga ranar ban sake ganin Lare a matsayin baƙo ba. Mun tsufa, gwiwoyinmu sun gaji, amma ba shekarar da ɗayanmu bai bi motar 'yan wasa ya sauka gidan ɗan'uwansa ba.

To, ina zaune a shagon aski a watan jiya, wanzami ya kai rabin kaina, sai talabijin ɗin da ke rataye a bango ya shiga labarin wasanni. Wani kamfanin talabijin ya sayi izinin nuna wasannin kwalejoji, kuma an sake raba rukuni. Kwalejin Sokode an ɗauke ta daga arewa an haɗa ta da na kudu, su Lome da Atakpame, domin can masu kallo suke, can masu talla suke. Su Dapaong da Mango an bar su su yi ta fama da juna inda ba kyamara. Ina cikin salati sai ga fuskar wanda ya sa hannu a madadin kwalejinmu, sanye da kwat, yana murmushi, yana ɗaga sabuwar riga mai tambarin kamfani. Nasiru ne, ɗan Salifu na fari, wanda ya gaji kujerar ubansa. Na miƙe ban sani ba, har wanzami ya yanke ni a bayan kunne.

Haka na fita da rabin aski na hau babur zuwa gidansa. A hanya ina ta maimaita wa kaina cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Yaron nan a gaban idona ya sa lamba takwas, a gaban idona ya yi ta kwana gidan su Kombate, takwaransa na Dapaong, wanda ranar da muka binne Salifu ya taso tun daga can ya tsaya a bakin maƙabarta har aka gama.

Nasiru bai ɓoye mini komai ba, wannan zan shaide shi. Ya ce: "Baba Ƙarami, ka zo ka ga filinmu. Yara takalmi ɗaya suke karɓa-karɓa. Wanda ya iya ƙwallo a nan ba mai ganinsa, sai ya tsufa a kan babur yana ɗaukar fasinja. In sun fito a talabijin, duniya za ta gan su." Na ce to a yi, amma a bar mana wasan Dapaong ko da na sada zumunci ne. Ya sunkuyar da kai. Ashe yarjejeniyar ta hana ƙungiyar buga kowane wasa da kyamarar kamfani ba ta wurin, kuma kamfani ya ce ba zai ja kayansa don wasan Dapaong ba. Ko a kudun ma otal za a riƙa sauke yara, ba mai shiga wurinsu, ba mai kai musu abinci daga gida. Na tambaye shi ko ya kira mutanen Dapaong kafin ya sa hannu. Ya ce an hana su magana sai an sanar. A talabijin su ma suka ji, kamar yadda na ji.

Wannan na ƙarshe shi ya fi yi mini ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ban musanta takalmin da yara ba su da shi ba. Amma mutanen da suka ciyar da kai tun ba ka da gemu, a ce daga bakin mai karanta labarai za su ji ka bar su? Na kwana biyu ko abinci ba ya mini daɗi.

Ina ta tambayar kaina me Salifu zai ce da yana raye. Ba mai ƙin zamani ba ne. Shi ya fara jawo mai hoto filin wasa, shi ya sa aka ɗaura lasifika a kan bishiyar mangwaro. Na tabbata da ya ga yaransa a talabijin sai ya tara unguwa a ƙofar gida ya hana kowa tari. Sai dai na san tambayar da zai fara yi, domin ita yake yi duk lokacin da aka kawo sabon tsari: a ina yaran za su kwana? Shi a wurinsa ƙwallon dalili ne kawai na sa ɗan mahauci ya shiga gidan manomin Moba ya fito da ɗan'uwa. Da an ce masa otal, da ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, kuma duk wanda ya san shi ya san taron ya ƙare ke nan.

Ranar da ya kamata a buga wasan bana, a gidanmu, ba mota, ba ganga, fili ba kowa sai awaki. Da la'asar aka yi sallama a ƙofata. Lare ne, shi kaɗai, ya sha hanya a motar haya, rungume da wani abu naɗe a zane. Dapaong ce ta ci bara, akushin yana hannunsu. Ya ce in aika a kira masa Nasiru da uwarsa Hajiya Rabi, matar marigayi.

Da suka zo ya kwance zanen a tsakar gida. Akushin cike yake da ƙwan zabi, an jera su cikin ƙaiƙayi don kada su fashe a hanya. Ya ce: "Metir ya ce a dawo da shi duk shekara, ga shi na dawo da shi. Matata ya ce ba a mayar da kwano wofi, shi ya sa ya cika shi." Sannan ya juya wajen Nasiru, ba faɗa, ba ɗaga murya. "Kombate ya ce in tambaye ka. Ɗakin da kake kwana, ya ci gaba da share shi, ko ya zuba gero a ciki?"

Nasiru ya kau da kai. Ban taɓa ganin namiji mai iyali ya rasa inda zai sa idonsa kamar haka ba. Ni kaina sai da na juya na share fuska.

Hajiya Rabi kuwa ta jawo akushin gabanta. Ta kwashe ƙwan ɗaya bayan ɗaya ta sa a kwando, ta wanke akushin, ta shiga ɗaki ta fito da shi cike da dakakken yaji da daddawa da kilishin gidanmu. Ta ɗaure shi da zanen da ya zo a ciki, ta ajiye a gaban ɗanta. Ta ce: "Kwanon mutane ya zo da kaya. Ba Lare zai mayar ba, ya tsufa da ɗaukar kaya sau biyu."

Ba zan yaudari mai karatu ba, wasan ya tafi. An sa hannu, kuma mako mai zuwa yaranmu za su fito a talabijin da sababbin takalma, su kara da yaran da ba su san sunansu ba, su koma otal su ci abinci kowa da farantinsa. Zan kalla, domin 'ya'yanmu ne, kuma zan yi musu fatan nasara. Yaran Dapaong na bana kuwa ba za su taɓa sanin ƙofar gidan kowa a Sokode ba, kuma wannan asara ce da ban san wanda zai biya ta ba.

Abin da ya rage na Salifu ba a fili yake ba. Yana wurin tsohon da ya hau mota tun daga Dapaong don kada alkawari ya faɗi, da matar da ta ƙi aiko da kwano wofi, da mutumin da har yau yake share ɗaki. An ce zumunci a ƙafa yake, kuma yayana ya shafe rayuwarsa yana koya wa ƙafafun yara hanyar gidajen juna. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu ikon riƙe abin da ya bari.

Washegarin zuwan Lare na raka shi tasha. Muna isa na hangi Nasiru zaune a kujerar baya ta motar Dapaong, ba kwat, ba tambarin kamfani, akushin ubansa a kan cinyarsa ya riƙe da hannu biyu.