Sauraron Teku a Falon Inna

Aikina sauraro ne. Idan mutanen unguwarmu a Aziziyya suka tambaye ni, nakan ce neman mai nake yi a teku, don a wuce wurin, amma ban taɓa ganin ɗigon ɗanyen mai da idona ba. Kamfanin da nake yi wa aiki yana shimfiɗa ƙananan na'urori a ƙasan teku, can gabas inda rijiyoyin suke, kowace ba ta fi tukunyar miya girma ba. Hanyar da aka saba ita ce jirgi ya riƙa zagayawa yana harba bindigar iska cikin ruwa, ƙarar ta nutse ta daki duwatsu ta dawo, a auna. Namu sashen ba ya harba komai. Barin na'urorin muke yi su kwanta makonni suna naɗar rurin da teku yake yi da kansa: igiyar ruwa, iska, gunjin injina daga nesa. Daga baya a gwada abin da na'urori biyu suka ji. Rurin da ya ratsa ta kan ɗaya zai iso ga ɗayar bayan ɗan jinkiri, kuma jinkirin nan ne yake gaya mana irin ƙasar da ke tsakaninsu, inda ta yi tauri, inda ta yi laushi, inda iskar gas ta taru kusa da sama har haƙa rijiya a wurin zai zama ganganci.

Abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne ya zubar da duk abin da ya yi ƙara da yawa. Babban jirgi ya wuce, a yanke wurin. Ƙasa ta girgiza a wata nahiya, a yanke. Mai ƙara yakan danne sauran, ga shi daga gefe guda yake zuwa. Abin da ya rage, wannan ƙananan gunaguni da ba wanda ya aiko shi, shi ake tarawa rana bisa rana har hoto ya fito. Aiki ne na marasa gaggawa, shi ya sa ya dace da ni. Nakan je gabas in yi ɗan lokaci a jirgi, sauran kuma in yi shi a kwamfuta a falon gidanmu na Madina, inda nake zaune da matata da mahaifiyata.

Ni ɗan fari ne, kuma Inna ba ta wasa da kunyar ɗan fari. A Damagaram aka haife ni, ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, iyayena kuma suka taho nan. Mahaifina ya yi shekaru yana ɗinkin jallabiya a wani ɗan shago a Anbariyya har Allah ya karɓi abinsa, aka kai shi Baƙi'a. Sai da na gama karatu na samu aiki sannan na zo na zauna gida ɗaya da matar da ta haife ni. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Idan abinci ya nuna sai ta ce wa matata, «A ce wa mutumin ruwa ya zo ya ci.» Ko ina zaune a gabanta haka za ta faɗa. Idan matata ba ta nan, bango take gaya wa, ko butar shayi. Ni ma na iya nawa ɓangaren: in amsa wa butar cewa na ƙoshi.

Ƙanwata kuwa, autarmu, a nan aka haife ta. Tana aure a Halidiyya, tana jin Hausa sarai amma rabin amsarta Larabci ne. Ita takan faɗa kan cinyar Inna ta ƙwace mata carbi, ta yi mata tsiya a kan haƙoran da suka zube, Inna tana zaginta tana murmushi. Na daɗe ina kallon wannan daga bayan kwamfuta. Ba zan ce bai taɓa yi mini zafi ba. Ya yi, sai dai na saba.

A shekarar da nake ba da labari, zuciyar Inna ta fara gajiya. Likita ya kira ni da ƙanwata gefe ya ce idan akwai wata doguwar tafiya da tsohuwa take son yi, a yi ta yanzu, don nan gaba kaɗan jikinta ba zai ɗauki jirgin sama ba. Tafiya ɗaya ce kawai za a iya nufi. Inna tana da ƙanwa a Damagaram, su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma rabon da su ga juna tun kafin a haifi auta.

Ƙanwata ba ta iya jira ba. Ranar Juma'a bayan la'asar, falo cike da matan da suka zo dubiya, maƙwabtanmu 'yan Cadi da wata dattijuwa 'yar Sudan, ta durƙusa gaban Inna ta harba tambayarta.

«Ya ummi, duktur ya ce in safar ne, yanzu ne. Kina so ki je balad, can Damagaram, ko ba kya so? Aiwa ko la?»

Inna ta gyara zama ta dubi baƙi. «A'uzu billahi! Mutane suna sayar da gona don su zo su kwana biyu a garin Manzo, ni in tattara in bar shi? Ga mahaifinku kwance a Baƙi'a. Ga likkafanina can a kan kwaba, da zamzam aka wanke shi. Halas, kar in ƙara jin wannan kalam.»

Mata suka ɗauki kabbara da masha Allah. Dattijuwar nan ta ce ai wanda aka ba makwanci a Madina ya gama samu. Ƙanwata ta leƙo inda nake ta ce, «Yaya, ka ji da kunnenka. Halas.»

Na ji, kuma na ji daɗi. Wannan amsar nake so. Ban samu uwa da wuri ba, ban kuma ƙi in ci gaba da jin tafiyar silifas ɗinta tsakanin ɗaki da kicin ba, ko da butar shayi ce za ta ci gaba da isar mini da saƙo. Sai dai sana'a takan ɓata mutum. Shekaru na yi ina yanke duk abin da ya yi ƙara, ga shi an kawo mini amsa mai ƙarfi, a gaban jama'a, ranar Juma'a, a garin da ba tsohuwar da za ta buɗe baki ta ce tana son barinsa. Da a wurin aiki ne, ko kallo na biyu ba zan yi mata ba.

Ban shirya wani bincike ba, kar a ɗauka na bi uwata da na'ura. Zama kawai nake yi a falo kamar kullum, layukan teku suna tafiya a allon kwamfuta, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani, gida yana ta motsinsa. Abin da ya canza shi ne na daina toshe kunne.

Ashe Inna da damina take lissafin lokaci. A garin da sai a yi watanni ba a ga hadari ba, za ta tsaya bakin taga tana kallon rufin baƙala, wato kantin kayan masarufin da ke ƙasanmu, ta ce wa labule, «Yanzu dai an gama noman fari.» Bayan wasu makonni, «Gero ya isa fitar da kai.» Maganar Baƙi'a kuwa, na lura ba ta tasowa sai da baƙi. Ko sau ɗaya ban ji ta gaya wa buta ba.

Sai kuma saƙonnin murya. Ƙanwar Inna takan aiko su ta wayar matata, gaisuwa ce mai tsawo da addu'o'i da jerin waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu. Tsohuwa ce, ba ta iya kashe naɗin ba, saboda haka idan ta gama magana sai ta ajiye wayar a kan tabarma ta tafi harkarta, wayar kuma ta ci gaba da ɗauka. Inna takan saurari gaisuwar sau ɗaya. Daga nan ta miƙa wa matata wayar ta ce, «Kai mini can ƙarshe.» Matata ta ɗauka ruɗewar tsufa ce, don a ƙarshen ba kowa. Akwai dai sautin daka daga maƙwabta, da kukan zabi, da wata ƙofar kwano da iska take bugawa, wata rana har da ruwan sama a kan rufi. Wannan wurin Inna take sa a maimaita mata, ta kara wayar a kunne, idonta a rufe, shayinta yana hucewa.

Ranar da na gane abin da take saurare, na rufe kwamfutar na fita na zaga unguwa ba tare da sanin inda za ni ba.

A aikinmu, idan hoto ya fito da abin da ba ka so, akwai hanyar ja da lokaci da ba wanda zai zarge ka a kanta: ka ce bayanan ba su isa ba, a ƙara tarawa. Na ƙara. Na je gabas na yi zamana a jirgi, muka ciro na'urori daga ruwa duk gansakuka ta lulluɓe su, muka mayar da wasu, na dawo. Ba abin da ya sauya sai numfashin Inna da ya ƙara gajarta idan ta hau bene. Hoton yana nan yadda yake, ya ma ƙara fitowa.

Tambayarta ba za ta yiwu ba. Ni ba na tambayarta komai, kuma ko na aika auta ta sake, amsar Juma'a za a maimaita mata. Saboda haka na bi hanyar gidanmu. Wata safiya muna karyawa, Inna tana gefe tana jiƙa burodi a shayi, na dubi matata na ce, «Na samu hutu. Ina so in leƙa Damagaram in ga dangi, an ce damina ta yi kyau. Tafiya ce ta je ka dawo. Ban sani ba ko akwai mai son yi mini rakiya.»

Matata ta ce ita kam ba ta iya barin gida yanzu. Inna ba ta ɗago ba. Can ta ce wa kofinta, «Mutum ya tafi gari ba wanda zai nuna masa gidajen dangi, ai sai ya yi abin kunya.»

Ƙanwata ta yi ta faɗa da ta ji. «Kef ya'ani? Ita da bakinta ta ce la!» Na ce mata rakiya ce kawai, tikitin ma na zuwa da dawowa ne. Da gaske nake, haka na saya, kuma wani ɓangare na zuciyata ya yarda da shi. Auta ta huce, ta shiga kasuwa ta jibgo dabino da turare da dardumai na tsaraba.

Ana gobe za mu tashi, da hantsi, matata ta ce in zo in danne akwatin Inna don ya ƙi rufuwa. Na durƙusa na fara gyara kayan, ina matsar da ledojin dabino gefe. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwanta, hannuna ya taɓa wani farin yadi a naɗe cikin leda. Na ɗaga kai na dubi saman kwaba. Wurin da likkafanin ya yi shekara da shekaru yana zaune ya zama fili, sai alamar ƙura a kewaye.

Inna tana zaune a bakin gado tana jan carbi, fuskarta wajen taga. Matata ta rufe bakinta da mayafi ta fita. Na mayar da zannuwan yadda suke, na jera dabinon a sama, na hau akwatin da gwiwa na ja zif. Baƙin ciki ya kama ni sosai, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka gaya mini rasuwar mahaifina. Na ce wa akwatin, «Ya rufu.» Inna ta ce wa taga, «Madalla.»

Ni kaɗai na dawo Madina. Da zan taho Inna ba ta fito rakiya ba, sai ta aiko ƙanwarta ta ce a ce wa mutumin ruwa ya sauka lafiya. Ta ga ƙarshen wannan daminar, ta ci sabon gero, ba ta kai ta gaba ba. Auta ta daɗe ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

A cikin watannin da Inna ta yi a can, saƙonni sun ci gaba da zuwa wayar matata, gaisuwa da addu'a da jerin haihuwa da rasuwa. Inna ba ta taɓa karɓar wayar ta yi magana ba. Akwai guda ɗaya da na kwafe na ajiye a kwamfutar aiki, kusa da bayanan teku. Na yanke gaisuwar, na bar ƙarshen. Ana jin daka, ana jin ƙofar kwanon nan, sai muryar Inna daga nesa tana cewa a rufe ƙofa kar awaki su shigo. Wani ya ba ta amsar da ba ta fito sosai ba, sai ta yi dariya, doguwa, har da tari a ƙarshe. Duk zamanmu a Aziziyya ban taɓa jin wannan dariyar ba.

Ba ta ambace ni a ciki ba, ban kuma sa ran za ta yi ba. Idan na gaji da teku nakan kai shi can ƙarshe in saurara.