Hutun da Muka Ba Iya

Har yau ba na son jin an ja kujera a kan siminti. Ba ta falo nake nufi ba, 'yar tsugunno ta katako, wadda mata ke zama a kai gaban murhu. Ko a gidan biki ne, da wata ta tura ta da ƙafa ta yi ƙiii, sai tsigar jikina ta tashi, in waiga ina neman matar da ta fi shekara ashirin a ƙasa. Yarana sun san halina, ɗauka suke yi, ba sa ja. Dalilin ne ban taɓa gaya musu ba.

Kakata ce, mahaifiyar babana, Iya muke ce mata. Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Makarfi da Kudan, dab da fadamar rake. Idan an shiga lokacin yankan rake, tun da safe doki yake zagaya injin matsa, ruwan rake na tafasa a manyan tukwane, ƙanshin mazarƙwaila ya cika gari har ya kama tufafin mutum. A nan Iya take saro kayanta. Ta jera a daro, ta naɗa gammo, ta tsuguna ta ɗora da kanta, ta kama hanyar kasuwar Makarfi a ƙafa. Ranar da ba kasuwa kuwa ga turmi, ga guga, ga itace. Siririya ce, baƙa, busasshiya, idan tana tafiya sai na haɗa da gudu nake cim mata, tana waiwayowa tana cewa yaran yanzu da koko aka yi su.

A ɗakinta nake kwana, kuma ni ke matsa mata ƙafa bayan magariba. Don haka na san ƙafafun nan fiye da yadda na san nawa. Sharaɓarta tauri ne da ita kamar gaɓar rake, sai yatsuna su gaji ba ta ce ta ji komai ba.

Babana shi ne ɗanta na fari, kuma ka san kunyar ɗan fari a wurin matan da. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, idan yana tsakar gida ba ta ɗaga murya. "Mai gidan nan" take ce masa. Shi kuwa yana sonta irin son da ba shi da hanyar fita sai ta hidima. Da Allah ya buɗa masa a cinikin masara, abin da ya fara yi shi ne biya mata Makka. Ta je ta dawo da haƙorin zinare, aka yi kwana uku ana shigowa yi mata barka. Ranar kasuwa ta zagayo, Iya ta naɗa gammonta ta tafi kamar kullum.

A kasuwar ne wani abokin cinikinsa ya tare shi gaban jama'a, yana dariya ya ce, "Alhaji, ba Hajiya na hango da daro a ka ba? Ko kuɗin ne suka ƙare a jirgi?"

Babana ya dawo gida fuskarsa ba annuri. Daga ranar aka kafa doka. Hajiya ba ta talla, ba ta daka, ba ta jan ruwa, ba ta fita sai a mota. Aka dama siminti a ɗakinta da barandarta, aka sayo katifa mai kauri. Kowa ya sa masa albarka, ni ma na ji daɗi, don a zatona an karrama ta ne. Ita ba ta iya ja da shi baki da baki, sai ta aike ni. "Je ki ce wa mai gidan nan ni ban gaji ba." Ya yi murmushi ya ce, "Ki ce mata ta gaji, ba ta sani ba ne."

Akwai wata 'yar ƙofa a bayan gidan, da asabari a jikinta, tana fita kai tsaye zuwa fadama. Da an yi azahar, gida ya yi tsit, babana yana kasuwa, sai Iya ta sulale ta nan. Ta taka har bakin rafi, ta cire wa wani ciyawa a gonarsa ba tare da ya sa ta ba, ta ɗauro ganyen rake ta kawo wa awaki. Takan dawo da gumi a goshi tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ni kaɗai na sani, kuma tana toshe mini baki da gutsuren mazarƙwaila.

Ba wanda ya tambaye ni. Wannan shi ne abin da ya fi cin raina. Na fasa mata ƙwaryar fura ne, ta ja mini kunne gaban ƙawayena, ni kuma ina 'yar shekara goma da zuciya kamar kuturu. Da babana ya dawo na same shi a zaure na zayyane masa komai, har da lakar da take wankewa a ƙafa kafin ta shiga ɗaki. Washegari ya kawo magini. Iya tana zaune a baranda tana kallo ana jera tubali ɗaya bayan ɗaya har hasken ƙofar ya ɓace. Da maginin ya gama ta ce masa, "Sannu da aiki." Da yamma ta miƙo mini ƙanzon tuwo kamar yadda ta saba, na karɓa na ci.

Damina ɗaya ta yi a zaune ta yi ƙiba. Kumatu suka fito, fata ta yi sheƙi, masu zuwa gaisuwa suna cewa, "Masha Allah, hutu ya karɓi Hajiya." Amma hannuna ya san abin da idonsu bai gani ba. Sharaɓar nan mai tauri ta saki, idan na matsa sai yatsana ya nutse har in ji ƙashi. Jikin yana ƙaruwa, matar da ke cikinsa tana raguwa. Ban san yadda zan faɗi haka ba, kuma wa zai saurari yarinya a kan ƙafar tsohuwa?

Shekara ta biyu sai ta dafa bango take tashi. Wata rana da la'asar ta yi sujada ta kasa miƙewa, na ji tana kirana a hankali don kada matan gida su ji. Na ɗago ta, ta ƙarasa sallar a zaune, hawaye na bin haɓarta. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar. Babana ya rikice. Ya sayo madara da kaji da maganin ƙarin jini, ya karɓo rubutu, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce bakin mutane ne saboda Makka. A abu ɗaya kowa ya yarda, a ƙara mata hutu.

Daga nan ne ta koma tafiya da kujerar. Ba ta son a ɗauke ta, don haka sai ta zauna a kan 'yar tsugunno, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta ja jiki. Daga ɗaki zuwa baranda, daga baranda zuwa wurin alwala. Wani lokaci ba inda za ta, sai dai ka ji ƙarar tana kai da komo a barandar, alhali rana ta take, kowa yana barci. A damina ta huɗu ta rasu, da safe, ana yayyafi.

Yanzu babana ya haura saba'in, ciwon suga ya kama shi, ni ce nake kai shi asibiti a Zariya. Bara wata likita, yarinya ƙarama da ba ta kai ƙanwata ba, ta matsa cinyarsa ta tambaye shi nisan da yake takawa a rana. Ya ce daga ɗaki zuwa mota. Ta ce, "Baba, tsokar tsoho idan ba ta aiki zagwanyewa take yi, kitse ya zauna a wurinta, mutum yana ƙiba yana rasa ƙarfi. Har ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jiki, motsi ne ke sa su ƙona abinci su sabunta kansu. Ka riƙa tafiya kullum, ka riƙa tashi daga kujera ba dafawa, ka ɗauki abu mai ɗan nauyi. Ko a shekarunka jiki yana amsawa."

A mota muna dawowa, mun wuce Hunkuyi ke nan. Sai ya ce, yana kallon taga, "Wato da a ce mun bar ta…" Ya tsaya a nan. Na riƙe jakar magungunansa da hannu biyu, na kasa ɗaga kai.

Tun daga makon yake fita kullum da hantsi. Yana taka hanyar gona da jarka rabin ruwa a hannu, ya je ya dawo, ni ina biye da shi idan ina gari. Duniya ta canja, yanzu ko kasuwa ba mai zuwa a ƙafa, yaro ma sai ya hau babur zai sayo gishiri, saboda haka ganin dattijo kamarsa yana haki a hanya abin magana ne. Na ji da kunnena wata tana cewa 'ya'yan zamani ba su da tausayi, ga mota a gida an bar tsoho yana wahala. Ina jinsu, ba na karɓar masa jarkar. Ƙafafunsa sun yi ƙwari, a tsaye yake sallarsa. Tambayar nan da ya fara a mota dai har yau bai ƙarasa ta ba, ni ma ban roƙe shi ya ƙarasa ba, don mu biyun mun san amsar.