Ojii Zenko, Mai Koyar da Kife Jirgi

Kafin masunta su gama sauke kamun safiya, Zenko Agarie, wanda muke kira Ojii, wato kaka, ya riga ya buɗe rumfar da ke ƙarshen gaɓarmu, a kudancin Okinawa. Ba ya gaisawa da kowa sai ya fara taɓa jiragensa biyu. Na farko sabani ne, siririn kwale-kwalen kakanninmu, wanda ake haɗa katakonsa da turakun gora, babu ƙusa ko ɗaya. Na biyu ɗan jirgin katako ne mai faɗin ciki irin na Turawa, wanda muke kira Kwano. Yakan bi jikinsu da tafin hannu, ya shafa mai inda ya ji kaushi, ya warware zanen iska ya sansana ko ya yi fumfuna. Da hannu yake duba komai yanzu, domin idon dama ya tafi, na hagu kuma likita ya ce da wuya ya kai baɗi. Shekararsa saba'in da takwas. A ƙarshen watan jiya ya ajiye aikin da ya yi shekara arba'in yana yi.

Aikin shi ne koya wa mutane halin jiragen nan biyu. Duk wanda ya zo, ɗan gari ko baƙo, darasinsa na farko ɗaya ne: ya shiga ruwa mai kai wa wuya, ya kife jirgin da hannunsa, sannan ya tayar da shi. Sabani tukuna, sannan Kwano.

Akwai wani likitan haƙori daga Osaka, Dokta Fujimaki, da ya zo da sabuwar hula da tabarau mai tsada. Da ya ji darasin sai ya tsaya turus.

"Ojii, ni fa tuƙi na zo koya, ba nutsewa ba."

"Kai da kake cire haƙoran mutane, kana tambayarsu ko sun shirya? Kife shi, Dokta."

Sabani ya kife masa da sauƙi, ya kuma tashi da jijjiga biyu. Kwano kuwa sai da ya wahalar da shi kafin ya kife, da ya kife kuma ya ƙi tashi. Dokta ya ja, ya tura, ya yi ta zamewa a kan bayansa mai santsi har hularsa ta bi ruwa.

"To wanne ya fi?" ya tambaya yana haki.

Ojii ya zauna a kan tsohuwar taya ya ce, "Sabani ba ya son mai zaman kujera. Igiyar zanen a hannunka take, ba a ɗaure ta. Da filafili kake juya shi, da ƙugunka kake tsayar da shi. Ka yi atishawa ba shiri, ka sha ruwan gishiri. Amma ranar da iska ta zo ta bayanka ya ɗaga hanci, ba za ka so komawa gida ba. Shi Kwano mai haƙuri ne. Yana da allo a ƙasan cikinsa da ke hana shi zamewa, yana tunkarar iska a inda sabani zai ja da baya. Ka sha shayi a ciki, ka ɗauki surukarka ma idan kuna shiri. Sai dai idan guguwa ta same ka, abin da zai cece ka a wancan shi zai kashe ka a wannan."

Baƙi sukan ɗauka salon magana ce ta tsofaffi. Mu 'yan gari mun san daga inda ta fito, mun kuma san abu guda da Ojii yake so kafin idonsa ya rufe. Allon tunawa mai ɗauke da sunan ƙanensa Noboru, irin wanda muke ajiye wa mamaci, yana gidan matar marigayin, Hatsue, ita kuma shekara arba'in da uku ke nan ba ta bar shi ya tsaya a gabansa ya kunna turare ba.

Ga yadda abin ya faru. Zenko ne ya samo Kwano daga hannun wani soja da zai bar tsibirin, ya gyara shi, yana ta alfahari da shi. Wata safiya sabanin Noboru yana kan gyara, ya zo aron Kwano.

"Niinii, ban taɓa hawan irinsa ba," in ji Noboru ga yayansa.

"Jirgi ai jirgi ne. Wanda ya iya sabani, wannan wasan yara ne a wurinsa."

Mutum biyar sun ji wannan magana. Da azahar guguwa ta sauko daga arewa. Al'adar masuntanmu tun kaka da kakanni ita ce, idan teku ta fi ƙarfin mutum, sai ya sauke zane, ya ɗaure kayansa a ciki, ya kife sabaninsa da kansa ya riƙe shi har ta wuce, sannan ya tayar da shi ya kwarfe ruwa ya koma gida. Bayan kwana biyu aka tsinci Kwano a kife. An naɗe zanen tsaf, an ɗaure akwatin abincin Noboru a jikin benci da ƙulli irin na gidansu. Ya yi komai daidai yadda aka koya masa. Jirgin ne ba irin wanda mutum ɗaya ke tayarwa ba, bayansa kuma babu wurin kamawa. Ba a ga gawarsa ba. Hatsue tana da cikin wata bakwai a lokacin. Ta ji abin da Zenko ya faɗa, ta aika masa cewa kada ƙafarsa ta taka gidanta.

Mutane sun ce a ƙona jirgin. Zenko ya ƙi. Shekara uku yana fita da shi shi kaɗai kusa da gaɓa, yana kife shi yana tayarwa, har ya gano sirrinsa: a cikin guguwa kada ka kife shi da gangan ko kusa, ka sauke zane, ka zauna ƙasa, ka ba iska hancinsa. Idan kuwa ya faɗi, ka yi maza ka hau allon nan na ƙasa kafin ya juye gaba ɗaya. Daga nan ya fara koyarwa.

Kai ne, Ojii, wanda ya ɗauki abin da ya fi tsana ya shafa masa mai kowace safiya. Kai ne ka ƙi cewa sabani ya fi, duk da mun san shi kake so, don kada wani ya raina ɗayan. Fiye da mutum dubu sun bi ta hannunka, kuma babu ɗaya da muka fita nema da jiragen ceto muka dawo ba shi.

Cikinsu har da Chiemi, 'yar da Hatsue ta haifa bayan mutuwar Noboru. Sai da ta cika shekara arba'in ta zo rumfar ba da sanin uwarta ba. Ojii ya ce ta koma gida. Ta ce, "Baffa, ko dai ka koya mini, ko in je wurin wanda bai kai ka sani ba." Ya koya mata. A kakar bara guguwa ta rutsa da ita a sabani bayan duwatsun bakin gaɓa. Ta ɗaure kaya, ta kife, ta riƙe, bayan awa biyu ta shigo da kanta tana kwarfe ruwa. Ranar ce ta gaya wa uwarta komai. Hatsue ta yi wata takwas ba ta ce uffan a kai ba.

Ranar da Ojii zai miƙa mabuɗin rumfar, ɗalibansa sun taru da soyayyen kifi da shinkafa, Dokta Fujimaki ma ya zo tun daga Osaka da wata sabuwar hular. Ana cikin dariya sai kowa ya waiwaya. Wata tsohuwa ce ke saukowa ta gangaren siminti, tana dogara lema. Ojii bai gan ta ba sai da ta yi magana.

"Wanne ne a ciki?"

Ya miƙe. "Hatsue-san."

"Na ce wanne ne."

Ya nuna mata Kwano. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta taɓa shi ba.

"Ƙarami ne ashe," ta ce. "A raina ya fi haka girma. To, yi mini bayanin da kake yi wa baƙi. Kada ka rage komai don ni."

Ya yi mata. Ya faɗi halin sabani, ya faɗi halin Kwano, ya nuna mata allon ƙasa da inda ake takawa. Ta saurare shi har ya ƙarasa maganar guguwa.

"Shi ke nan? Ɗan wannan ne kawai?"

"Shi ke nan."

"Da ka gaya masa."

"Ban san shi ba a lokacin. Na yi magana kamar na sani."

Ta gyara riƙon lemarta, ta juya kamar za ta tafi, sannan ta tsaya.

"Wata mai kamawa, ranar bikin tarbar ruhin magabata, ka zo gida. Ba cewa na yi na yafe ba, kada ka ji abin da ban faɗa ba. Ka zo ka zauna a gaban allonsa ka yi masa wannan bayanin, a hankali, yadda ka yi mini. Duk garin nan ya ji. Shi kaɗai ne bai ji ba."

Ojii ya sunkuyar da kai ƙasa, bai ɗago ba sai da ta kai bakin titi.

Mun gode, Ojii Zenko. Matan da mazajensu suka dawo sun gode, haka 'ya'yan da ba su san cewa kai ne dalilin da ya sa suke cin abinci da iyayensu ba. Chiemi ce ta karɓi mabuɗin, ta kuma ce darasin farko yana nan yadda yake.

Ku kuma masu sana'a, ta teku ko ta tudu, ku yi koyi da shi tun ba ku biya abin da ya biya ba. Idan wanda ya yarda da ku ya ce bai taɓa hawan irinsa ba, ku ajiye abin da kuke yi, ku shiga ruwan tare da shi.